Mallakar Jirgin Kanal a Ingila: Yadda Ake Kula da Shi da Yadda Ake Tsare Rai a Cikinsa

Duk wanda ya taɓa zuwa Kura ko Kadawa ya san kanal, hanyar ruwan da aka haƙa domin ban ruwa. A Birtaniya ma an haƙa irinsu, sai dai su domin sufuri aka yi. Kanal ɗin Bridgewater, wanda aka buɗe a 1761 don kai kwal daga Worsley zuwa Manchester, shi ya buɗe ƙofa, sauran suka biyo baya. Da jirgin ƙasa ya zo ya ƙwace musu kasuwa, sai suka koma wurin yawon shaƙatawa, kuma yanzu wurin zama ga mutanen da hayar gida ta fi ƙarfinsu, musamman a Landan. Hukumar Canal & River Trust, wadda ta gaji British Waterways a 2012, ita ke riƙe da kimanin mil 2,000 na waɗannan hanyoyi a Ingila da Wales.

Na rubuta wannan ne domin 'yan'uwa da ke can, waɗanda suka ga jiragen nan jere a Regent's Canal na Landan suka fara lissafin cewa wannan ita ce mafita. Tana iya zama mafita. Amma ruwan kanal yana ruɗin mutum: ba igiya, ba guguwa, a wurare da yawa zurfinsa bai wuce ƙirjin babba ba, shi ya sa ake raina shi. Abin da ke nutsar da jirgi a nan ko ya kashe mai shi ƙanana ne: murfin da ba a ɗaure ba, kafar iskar da aka toshe da tsumma, sakan talatin na rashin kula a cikin lok, wato ɗakin ruwa mai ƙofofi da jirgi ke hawa tudu ko sauka da shi. Su zan fi tsayawa a kai.

Mataki na ɗaya: kafin ka biya kuɗi, a fito da jirgin daga ruwa

Siririn jirgin kanal faɗinsa ƙafa 6 da inci 10 ne, domin ƙananan lok ƙafa 7 suke da kaɗan. Tsawo kuwa yana kaiwa ƙafa 70, amma in kana son ka bi kusan kowace hanya a ƙasar, ƙafa 57 ake nema, saboda lok ɗin wasu hanyoyin arewa gajeru ne.

Kada fentin waje da katakon ciki su ɗauke maka hankali. Darajar jirgi tana ƙarƙashin ruwa, inda ido ba ya gani. Ka ɗauko safiyon jirgi, wato ƙwararren mai duba lafiyar jirgi, naka na kanka, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba, a ɗaga jirgin a auna kaurin ƙarfensa da na'ura. Jiragen zamani galibi ana ƙera su da ƙarfe mai kaurin milimita 10 a ƙasa, 6 a gefe, 4 a rufi. Tsofaffi sun fi sirantaka tun asali. In tsatsa ta ci ramuka har kaurin ya sauka ƙasa da milimita 4, kamfanonin inshora da yawa ba za su ba ka cikakkiyar inshora ba sai an yi waldar sabon ƙarfe a kai, kuma wannan aiki ne mai cin kuɗi da ke ƙara wa jirgi nauyi ya ƙara zama cikin ruwa. Araha ba ta ado. Mai sayarwar da ya ƙi yarda a ɗaga jirginsa ya riga ya ba ka amsa, ka yi gaba.

Mataki na biyu: takardu

Uku ne. Lasisin hukumar da ke kula da ruwan, inshora da aƙalla za ta biya diyyar wani har fam miliyan 2, da takardar Boat Safety Scheme, wadda ake sabuntawa duk shekara 4 bayan an duba gas da wuta da mai da kafofin iska. In ba ka da wurin ɗaure jirgi na dindindin, dokar 1995 ta ba ka damar yawo, amma ba za ka wuce kwana 14 a wuri ɗaya ba, kuma tafiyar ta zama ta gaskiya, ba kai da kawowa tsakanin gada biyu ba. Ba a buƙatar lasisin tuƙi ga mai jirgin kansa. Duk da haka ina ba ka shawara ka yi kwas ɗin RYA (ƙungiyar masu tuƙin jiragen ruwa ta Birtaniya) na tuƙin ruwan cikin ƙasa, kwana ɗaya ne ko biyu.

Ka sani fa, takardar da ake sabuntawa bayan shekara huɗu shaida ce ta ranar da aka duba kawai. Sauran kwanakin naka ne.

Mataki na uku: hayaƙin da ba ya wari

Da gangan na sa wannan gaba da inji da fenti. Mu da muka taso a Najeriya mun sha jin labarin iyalin da suka kwana da janareto a cikin gida ko kaskon gawayi a ɗaki rufe lokacin hunturu, gari ya waye babu wanda ya tashi. Iskar kabon monoksaid ce, kuma jirgin kanal ya fi ɗakin ƙanƙanta: dogon akwatin ƙarfe ne mai murhu, da kukar gas, da inji, duk a wuri ɗaya. A watan Afrilu na 2013 wata mata da 'yarta mai shekara 10 suka rasu a cikin jirgi a tafkin Windermere, bayan bututun hayaƙin da aka haɗa wa janareto a ɗakin inji ya ɓalle. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Tun 1 ga Afrilu 2019 na'urar gargaɗin wannan iska ta zama wajibi a jiragen da ke da wurin zama. Ka sayi mai lambar BS EN 50291-2, ita ce aka gwada domin jiragen ruwa. Ɗaya a inda murhu yake, ɗaya kusa da inda kake sa kai in za ka kwanta. Ka danna maɓallin gwaji duk mako, ka kuma duba ranar ƙarewar da ke bayanta, domin tana tsufa ko da batirinta sabo ne.

Kafofin iskan da ke ƙasan ƙofofi da na saman rufi, kada ka toshe su komai sanyi. Na san jarabawar, dare ne na Janairu, iska na shigowa ta ƙasa tana dukan ƙafafunka, ga tsumma a kusa. Ƙara bargo. Waɗannan kafofi lissafinsu aka yi daidai da abin da na'urorin jirgin ke ci na iska.

Murhun kwal ko itace yana son a share bututunsa aƙalla sau ɗaya kafin sanyi ya shigo, a sake a tsakiyarsa in kullum yana ci. Duba igiyar da ke zagaye da ƙofar murhun da kuma jikinsa ko ya tsage. Toka mai zafi tana ci gaba da fitar da gubar, saboda haka ka zuba ta a bokitin ƙarfe mai murfi ka ajiye a waje, nesa da ƙofa da kafar iska. Harshen wutar kuka ya zama shuɗi. In ya koma ruwan ɗorawa yana lilo yana baƙanta tukunya, kashe ka kira mai gyara. Janareton fetur kuwa a kan tudu ake kunna shi, nesa da tagogi, ba a kan jirgi ba, ba ƙarƙashin rumfar tamfol ba.

Alamun shaƙarta suna kama da mura ko somin zazzaɓi: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. In kowa a jirgin ya ji haka lokaci ɗaya, ko in ka fita waje ka ji sauƙi, kada ka sha magani ka kwanta. Ku fita duka, a bar ƙofofi buɗe, a nemi likita.

Mataki na huɗu: gas ɗin girki da gobara

A nan in na ce gas, na girki nake nufi, ba man dizal da muke kira gas a gida ba. Ya fi iska nauyi. A gida in ya yi yoyo zai bi ƙarƙashin ƙofa ya fice, a jirgi kuwa babu inda za shi sai ƙasan dabe, ya taru can yana jiran tartsatsi. Shi ya sa tukwanen gas ke zama a akwatinsu na musamman mai rami a ƙasa da ke zubarwa waje. Ka tabbata tsatsa ko ganye ko igiyar da ka jefa ciki ba su toshe ramin ba, kuma gindin akwatin bai huje ba. Duk sanda ka canza tukunya, shafa ruwan kumfa a mahaɗar ka ga ko zai yi ƙwai. In za ka bar jirgin, rufe daga kan tukunya.

In ka ji wari: rufe tukunya, kashe duk wata wuta, kada ka taɓa makunnin lantarki ko na kashewa ne, buɗe ƙofofi, fita. Gyaran gas ba na gwaji ba ne. A jirgin da ake zaune a ciki, mai rajistar Gas Safe (rajistar masu gyaran gas ta hukuma) da ya ƙware a gas ɗin jiragen ruwa ake kira.

Jirgin da ya wuce mita 11 yana buƙatar abin kashe gobara guda uku, da bargon kashe wuta kusa da kuka, ga kuma na'urar gano hayaƙi. Ka ajiye su kusa da ƙofofi. Ƙofar gaba da ta baya duka su buɗu daga ciki ba tare da neman makulli ba. Na sha ganin jirgi da mutane ke barci a ciki alhali kwaɗo na rataye a ƙofar baya ta waje, abin yana tayar mini da hankali ƙwarai.

Mataki na biyar: inda ruwa ke shigowa

Wurare uku ne, duka a bayan jirgi.

Na farko ƙofar farfela. Akwati ne mai murfi a saman farfela, ta nan ake zura hannu a cire leda, igiya, waya ko tsohuwar rigar da ta naɗe ta. Za ka san ta naɗe in sandar tuƙi ta fara karkarwa, inji na kuka jirgi ba ya tafiya. Kafin ka buɗe, kashe inji, zare makulli ka sa a aljihunka, kada wani ya tayar hannunka na ciki. In ka gama, mayar da murfin daidai, ka ɗaure sandarsa tam, sannan ka sa giya gaba da baya kana kallon bakin murfin. In bai zauna ba, farfela da kanta za ta riƙa watso ruwa cikin ɗakin inji, kuma ba za ka sani ba sai bayan jirgin ya fara nutsewa ƙarƙashin ƙafarka. Jirage da yawa ta haka suka tafi. Robar da ke bakin murfin ma tana mutuwa, a canza ta.

Na biyu inda sandar farfela ta ratsa jikin jirgi. A tsohon salo akwai ƙunshi da ake matsewa da kuma gwangwanin giris mai abin murɗawa. Duk ranar da ka yi tafiya, da ka tsaya, murɗa shi har ka ji ya yi tauri. Ɗigo jefi-jefi ba komai ba ne. In ya ƙi tsayawa, a ƙara matse notinan biyu kaɗan-kaɗan daidai wa daida, amma kada ya kai ga wurin yana zafi in ana tafiya. In matsi ya ƙare, a sake ƙunshin.

Na uku ruwan sama, kuma shi aka fi mantawa. Ƙananan magudanan da ke zagaye da murfin ɗakin inji suna toshewa da ganye lokacin kaka, ruwa ya riƙa gangarawa ciki. Wannan ya taɓa samuna: na yi tafiyar mako uku, na dawo na tarar ruwa ya kai gindin inji, famfon kwashe ruwan kuma wayarsa ta ci tsatsa ta rabu. Tun daga ranar, kafin in bar jirgi sai na ɗaga maballin famfon da hannuna na ji ya tashi. In ruwan ya gauraya da mai, kada ka tura shi kanal. A tsane man da tabarmar tsotse mai a kai wurin zubarwa.

Mataki na shida: inji da batir

Dubawar safe ba ta wuce minti biyar: baƙin mai, ruwan sanyaya inji, fambel, da leƙa ƙasa ko akwai ɗigon mai. Juyen baƙin mai da filta galibi bayan awa 250 ne na aiki ko sau ɗaya a shekara, amma littafin injinka shi ne alƙali. Babbar cutar dizal a jirgi ita ce ruwa a cikin tanki: raɓa na taruwa a tankin da ba cike yake ba, ƙwayoyin cuta su hayayyafa tsakanin ruwan da man, su zama baƙar majina da ke toshe filta, inji ya mutu a inda ba ka so. Ka riƙa cika tanki lokacin sanyi, ka duba robar murfinsa, ka tsiyaye filtar raba ruwa. Ajiye fambel da filtar mai na ko-ta-kwana.

Batirin tayar da inji daban yake da na fitilu da firij. Irin na dalma ba ya son a sha fiye da rabinsa: in yana hutawa, bolt 12.7 cike yake, 12.2 ya kai rabi, a yi caji. Faifan sola yana wadatarwa a bazara, a Disamba kuwa ɗan kaɗan yake bayarwa. Sharaɗin lasisi ya hana kunna inji ko janareto kana ɗaure kusa da mutane daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe, don haka ka tsara cajinka da rana.

Mataki na bakwai: baƙin fenti

Duk shekara biyu zuwa uku a fito da jirgin, a wanke da ruwa mai ƙarfi, a kankare tsatsa, a bar shi ya bushe sarai, a shafa kwalta hawa biyu ko uku, a ba ta kamar kwana biyu ta kama kafin a mayar ruwa. Bakin layin ruwa, inda iska da ruwa ke haɗuwa, nan tsatsa ta fi ci, a ƙara masa hawa. Fentin ifoksi ya fi tsada kuma sai an goge ƙarfen tas da yashi, amma yana kai shekara biyar ko fiye. A lokacin ne ake duba ƙarafan fansa, dunƙulen maganiziyam da ake likawa a jikin jirgi domin su lalace a madadinsa. In rabi ya tafi a ƙara sabbi. Mai jona wuta daga tudu a tashar jirage ya sa na'urar da ke raba shi da maƙwabta ta wayar ƙasa, in ba haka ba ƙarfensa zai riƙa zagwanyewa a ɓoye.

Mataki na takwas: tuƙi da lok

Iyakar gudu mil 4 ne a awa, kusa da jiragen da ke ɗaure kuwa a rage har ƙasa. Ana kaucewa ta dama in an haɗu. Ka tura sandar tuƙi dama, hancin jirgi ya yi hagu, kuma bayansa yana karkata waje domin a tsakiyarsa yake juyawa. Ba shi da birki sai giyar baya, ga nauyin tan 15 ko fiye, saboda haka kada kowa ya sa hannu ko ƙafa don tare shi daga bugun bango. Ka tsaya gaban sandar tuƙi, ba gefenta ba. In abin tuƙin ya bugi wani abu a ƙasa, sandar tana iya sharo ka cikin ruwa daidai kan farfela.

Lok ɗaki ne na ruwa mai ƙofofi gaba da baya, da shi jirgi ke hawa tudu ko ya sauka. A Tardebigge guda 30 ne a jere, a Caen Hill 29, kuma gajiya ce ke kawo kuskure. Babban haɗari wajen sauka shi ne dokin ƙofa, wani tudun dutse ko siminti da ke ƙarƙashin ƙofofin sama, ba a ganinsa sai ruwa ya ja. An yi masa farin layi a bango. Bayan jirginka ya kasance gaban layin nan koyaushe. In ya hau kai, ruwa na sauka, baya zai rataye, hanci ya dulmiya, cikin ƙasa da minti ɗaya an gama. Gaban jirgin ma yana iya maƙalewa a ƙofar ƙasa: haka ta faru da jirgin Drum Major kusa da Gargrave a watan Agusta na 1998, mutum huɗu suka rasu. Kada kuma a ɗaure igiya tam a turke ana sauka, a naɗa ta kawai a riƙa saki.

Dokar da kowa a jirgin zai haddace tun kafin a tashi ita ce: da an ga wani abu ba daidai ba, a rufe duk tagogin ruwa, wato kafofin da ake buɗewa don cika lok ko zubar da ruwansa, nan take, sannan a tsaya a duba, a mayar da ruwa a hankali. Mai buɗe taga ya tsaya wurinta idonsa na kan matuƙi, ba waya ba, ba hira ba. Wajen hawa, a fara da tagogin ƙasa, kaɗan-kaɗan. Na jikin ƙofa sai ruwa ya rufe su, don kada su kwararo cikin gaban jirgi. Hannun murɗa tagogin kada a bar shi a jikin ƙarfen, in harshen da ke riƙe haƙoran ya kuɓuce zai juya da ƙarfin da ke karya haƙori ko hannu.

In wani ya faɗa ruwa, abu na farko a cire giya, a kashe inji, ba a komawa baya wurinsa. A jefa masa igiya ko zoben ceto, a ce ya gwada tsayawa da ƙafafunsa. Ruwan da ya gaza digiri 15 yana ɗauke numfashin ko gwanin iyo a mintin farko, don haka kada mai ceto ya yi tsalle ya bi shi. Yara, da wanda bai iya ruwa ba, da mai tafiya shi kaɗai su sa rigar ceto a lok da kogi da cikin ramin da kanal ke bi ta ƙarƙashin ƙasa. In za ka kira lambar agajin gaggawa 999, lambar gada ko ta lok mafi kusa ita ce adireshinka. Ruwan kanal kuma yana ɗauke da cutar da ke fitowa daga fitsarin ɓera. Rufe duk wani yanka kafin ka zura hannu, ka wanke da sabulu, in zazzaɓi ya biyo baya cikin makonni ka faɗa wa likita ka taɓa ruwan kanal.

Mataki na tara: shigowar sanyi

Daga Nuwamba zuwa Maris hukuma na rufe wasu lok domin gyara, tana kuma fitar da jadawalin tun da wuri. Ka duba kada a rufe ka nesa da famfon ruwa da wurin zubar da bayan gida. In ba za ka zauna a jirgin ba, rufe tankin ruwa, buɗe duk famfuna su tsiyaye har da tukunyar ruwan zafi da na wanka, domin ƙanƙara na fasa bututu. A auna ƙarfin maganin daskarewa a inji da na ɗumama ɗaki. Cika dizal, murɗa giris, rufe gas, ɗaga katifu iska ta ratsa su, bar kafofin iska a buɗe. In kanal ya daskare kada ka fasa ƙanƙara da jirgi, tana kankare kwaltar da ka biya kuɗi aka shafa. A kogi ka sassauta igiya don ruwa na hawa da sauka, kuma ko a kanal ne, kai ko wani amintacce ya riƙa leƙa ɗakin inji duk mako biyu, musamman bayan ruwan sama mai yawa.